Tambaya da Amsa: Kashe Kaifin Wuƙa da Takobi Domin Atisaye ko Ado

Da yawa daga wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun taru ne a kan magana ɗaya, wato yadda za a dakusar da wuƙa ko takobi domin a yi atisaye ko a rataye don ado ba tare da an ji wa kowa ciwo ba. Mun zaɓi kaɗan daga cikinsu, mun kuma taƙaita su saboda ƙarancin wuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata makarantar sakandare, kuma ni ke kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ɗalibai. A wasan da muke shiryawa akwai fitowar da ɓarawo zai zare wuƙa ya yi wa mai gida barazana, har su sarƙe da kokawa. Wani ɗalibi ya kawo wuƙar gidansu, na yi niyyar in goga ta a siminti ta dakushe. Shin hakan ya wadatar? Idan bai wadatar ba, yaya ake yi? Daga malamin makaranta, Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka miƙa wa 'ya'yan mutane ƙarfe. Goga wuƙa a siminti bai wadatar ba, kuma a fitowar da za a yi kokawa ban goyi bayan a shigo da wuƙar ƙarfe ba ko da an dakusar da ita yadda ya kamata. Zan fara da yadda ake dakusarwar, domin akwai inda take da amfani, sannan in zo ga dalilin da ya sa ba ta isa ba a nan.

Wuƙa tana yanka ne saboda ƙarfin hannu gaba ɗaya yana taruwa a kan wani siririn baki inda gefuna biyu na ruwan wuƙar suka haɗu, kuma a wuƙar girki kowane gefe yakan karkata da kimanin digiri 15 zuwa 20. Idan aka goga ta a siminti sau kaɗan, wannan siririn bakin ne kawai yake lanƙwashewa yana ɓantarewa nan da can, sai ta daina yanka tumatir da sauƙi, mutum ya ɗauka ta mutu. Amma ƙarfen da ke bayan bakin yana nan da sirantarsa, kuma ɓantarewar da simintin ya bari ta mayar da ita tamkar ƙaramin zarto, wanda idan aka ja shi da ƙarfi a kan fata yaga ta zai yi, raunin yaga kuwa ya fi raunin yanka wuyar ɗinki da wuyar warkewa.

Dakusarwa ta gaskiya sai an cinye ƙarfe mai yawa. A kafe wuƙar a jikin benci da abin matse ƙarfe irin na makanikai, bakinta yana kallon sama, mai aikin ya sa safar hannu mai kauri, sannan ya ɗora magagari a kwance daidai bisa bakin yana turawa daga wajen mariƙi zuwa wajen tsini. Idan magagarin yana santsi ba ya cin ƙarfen, to taurin wuƙar ya kusa kai nasa, sai a koma ga dutsen wasa wuƙa mai kaushi ko samfefa mai kaushi da aka shimfiɗa a kan katako, a tsayar da wuƙar tsaye cak a kansa ana gogawa kamar za a yanka dutsen biyu. Za a ga wani farin layi mai ƙyalli ya bayyana a inda kaifin yake, yana ƙara faɗi a hankali, kuma ba za a tsaya ba sai faɗinsa ya kai kimanin milimita 2, wato kusan kaurin tsinken ashana, tun daga mariƙi har ƙarshe. Wannan shi ne ma'aunin da ƙungiyoyi da dama na masu kwaikwayon yaƙe-yaƙen da a Turai suke gindayawa. A nan ne za ka lura cewa yawancin wuƙaƙen girki na kasuwa ba su dace da wannan aiki ba tun farko, domin ko bayansu da ƙyar ya kai milimita 2 ɗin.

Bayan an sami wannan faɗin aiki bai ƙare ba, saboda shafaffen bakin yanzu yana da kusurwa biyu, kowacce kuma tana iya tsaga fata. Sai a karkata magagarin a cinye kusurwoyin har bakin ya zama mulmulalle, a bi shi da samfefa mai lamba 120, sannan 240, sannan 400, wato daga mai kaushi zuwa mai laushi. Gwaji kuwa ba a yatsa ake yinsa ba. A ja auduga a hankali bisa bakin, duk inda ta maƙale akwai sauran ƙarfe da ya tashi, sai a koma wurin. A kuma ja bakin da ƙarfi a kan tumatir. Idan ya tsaga fatarsa maimakon ya murƙushe shi, da sauran aiki.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne tsini, alhali shi ne ya fi kisa. Dole a datse shi, a zagaye shi har ya yi faɗin bakin ƙaramin cokali, a gwada shi a kan ledar ruwan sha cikakkiya, a danna a gani ko za ta fashe. To ko bayan an yi duk wannan, ka tuna cewa yara biyu ne za su sarƙe suna juyi a kan dandamali, cikin zumuɗin 'yan kallo, kuma idan ƙafar ɗaya ta zame nauyin jikinsa duka zai sauka a kan ƙarfen. Ido da maƙogwaro da ciki ba sa buƙatar kaifi kafin ƙarfe ya yi musu illa. Saboda haka dakusasshiyar wuƙar ƙarfe ta dace da fitowar da za a zare ta a nuna daga nesa a mayar cikin kube, amma ta kokawa sai ka sa kafinta ya sassaƙa ta katako marar tsini a shafe ta da fenti ruwan azurfa, ko ma a yanko ta daga tafin silifa mai kauri. Mai kallo da ke zaune taku goma daga dandamali ba zai bambance ba. Ka kuma guji wuƙar nan ta wasa da ruwanta ke shigewa cikin mariƙi idan an danna, domin ranar da ta cije ta ƙi shigewa, soka ce aka yi da ƙarfin da ba a rage ba.

Akwai hatsarin da ya fi duk waɗannan kusa, shi ne musanya. A watan Disamba na 2008, a gidan wasan kwaikwayo na Burgtheater da ke Vienna ta ƙasar Ostiriya, ɗan wasa Daniel Hoevels ya ja wuƙa a wuyansa kamar yadda wasan ya tanada, ashe wuƙar da aka ajiye masa sabuwa ce da aka sayo aka manta ba a dakusar ba. Ya faɗi jina-jina, wasu 'yan kallo suna tafi don sun ɗauka gwanintar wasa ce, kuma Allah ne ya sa yankan bai kai ga jijiyar wuya ba. Idan hakan ya faru a babban gidan wasa mai ma'aikata na musamman, to makaranta ta fi buƙatar tsari. Kada wata wuƙa mai kaifi ta shiga ɗakin atisaye ko bayan dandamali ko da ta yanka lemo ce, a naɗe mariƙin ta wasan da jan tef don a shaida ta, ta zauna a akwatin da makullinsa yake hannunka, kuma kai da kanka za ka duba ta ka miƙa wa yaron kafin kowace fitowa, ka karɓe ta da zarar ya sauko.

TAMBAYA: Na kai wuƙar farauta wurin mai walda ya kashe mini kaifinta da injin gurza ƙarfe don in rataye ta a ɗaki, sai bakinta ya koma shuɗi. Me ya jawo haka, kuma ta lalace ne? Daga wani mai karatu, Gusau.

AMSA: Zafi ne ya yi mata yawa, Malam. Lokacin da maƙeri ya ƙera wuƙa yakan tsoma ta cikin ruwa ko mai tana ja zur don ta yi tauri, sannan ya sake ɗumama ta kaɗan don kada ta riƙa karyewa. Injin gurza yana gudu sosai, bakin wuƙa kuma siriri ne, nan da nan yake ɗaukar zafi. Da zafin ya haura digiri 200 a ma'aunin Salshiyas sai ƙarfen ya fara yin rawaya, ya koma ruwan ƙasa, sannan shunayya, a wajen digiri 300 kuma ya zama shuɗi, wanda ke nuna wurin ya yi laushi fiye da yadda maƙerin ya bar shi. Tunda rataye ta za ka yi, asarar ba ta da yawa, kuma samfefa mai laushi za ta goge launin, sai dai taurin ba zai dawo ba sai maƙeri ya sake mata wuta. Abin dubawa shi ne idan wurin ya kai ga yin ja sannan aka tsoma shi cikin ruwa, domin hakan yakan bar ƙananan tsagogi da za su iya sa bakin ya ɓalle. Wanda zai yi amfani da inji ya riƙa taɓawa kaɗan-kaɗan yana sanyaya ƙarfen tun bai gagari taɓawa da hannu ba, kuma ya sa tabarau na kariya saboda tartsatsi.

TAMBAYA: Ni da abokina muna koyon dabarun kare kai daga mai wuƙa. Mun gaji da sanda, muna so mu dakusar da wuƙaƙe biyu na gaske don hannunmu ya saba da nauyinsu kuma tsoron ƙarfe ya fita daga zuciyarmu. Mece ce shawararku? Daga wani matashi, Damagaram.

AMSA: Ɗana, na fahimci dalilinku, amma shawarata ita ce kada ku yi. Al'ummomin da suka fi kowa daɗewa da koyar da sarrafa takobi sun raba kayan koyo gida biyu, na atisayen mutum shi kaɗai daban, na karawa da abokin koyo daban. A Japan, masu wasan kendo da takobin gora da ake kira shinai suke karawa, fuska da ƙirji da hannuwa duk a rufe, akwai kuma na katako mai suna bokken. Takobinsu na ƙarfe marar kaifi, iaito, wanda galibi da haɗin alminiyam da zinki ake yinsa, na koyon zarewa da mayarwa cikin kube ne, ba a karawa da shi. Sojojin daular Rum ma da takobin katako wanda ya fi na gaske nauyi suke horo, suna saran gungumen da aka kafa a ƙasa, don haka idan nauyi kuke nema katako mai ƙarfi zai ba ku.

Ƙarfe yana da halin da katako ba shi da shi. Idan dakusassun wuƙaƙe biyu suka haɗu, kowace haɗuwa tana barin ɗan gurbi mai tasasshen gefe, kafin a tashi daga atisaye bakin da aka mulmule da safe ya sake zama abin yanka. Sannan ƙarfe yana karyewa, kuma karyayyen wuri ya fi kowane washi kaifi. A watan Yuli na 1982, a gasar duniya ta wasan takobi da aka yi a birnin Rum, takobin abokin karawar Vladimir Smirnov na Tarayyar Sobiyat ya karye, guntun ya huda ragar da ke kare fuskar Smirnov ya shiga ta ido har ƙwaƙwalwa, ya rasu bayan kwana 9. Shi ne zakaran gasar Olamfik ta 1980, takobin da ya kashe shi marar kaifi ne mai toshe a tsini, kuma yana sanye da cikakkun kayan kariya na wancan lokaci. Bayan rasuwarsa ne aka tsaurara ƙa'idar irin ƙarfen da ake ƙera takubban gasa da shi da irin tufafin da ake sawa.

Ku nemi wuƙar roba, ko ta katako da aka naɗe da soson katifa, ku shafa wa bakinta alli, ku sa baƙaƙen riguna, kowa ya sa tabarau na kariya. Bayan minti ɗaya na karawa ku tsaya ku ƙirga layukan allin da ke jikinku, a hannu da ciki da wuya. Wannan ƙirga za ta koya muku abin da ƙarfe ba zai koya muku ba sai da jini, wato mai kare kansa daga wuƙa da wuya ya fita ba a taɓa shi ba, kuma duk inda akwai hanyar gudu ita ce dabara ta farko. Tsoron ƙarfen da kuke so ku kawar ni ina ganin ya kamata ya zauna. Kada kuma ku ɗauki wasan 'yan tauri abin koyi, domin ko me mutum ya yarda da shi game da maganinsu, yara da samari da ke kwaikwayonsu a unguwa su ne ake kaiwa ɗinki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na gaji wani tsohon takobi daga kakana, da kubensa na fata da hamilarsa. Ina so in rataye shi a falo, amma jikoki suna yawan zuwa, shi ya sa nake tunanin a kai shi a kashe kaifinsa a kuma goge shi ya yi ƙyalli. Daga wani dattijo, Katsina.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji, ranka ya daɗe. Ina roƙonka da kada a kai wannan takobi wurin mai inji, kada kuma a ɗora masa magagari. Duk abin da na faɗa a sama game da dakusarwa ya shafi sabuwar wuƙa ce da za a iya sayen wata idan ta lalace. Ƙarfen da aka cire daga takobin gado ba ya dawowa, kuma tare da shi ake cire shaidar inda takobin ya fito da irin aikin da ya yi.

Da yawa daga tsofaffin takubban ƙasar Hausa da na Buzaye ruwansu daga Turai ya zo, musamman daga garin Solingen na Jamus, ya ratso Sahara tare da ayarin fatake ta Tarabulus da Agadas har kasuwannin Katsina da Kano, inda maƙera suka yi masa mariƙi, dukawa suka ɗinka masa kube. Wasu kuma maƙeranmu ne suka ƙera su gaba ɗaya, har suna kwaikwayon tambarin na waje. Ka zare naka a wuri mai haske ka duba kusa da mariƙi da tsakiyar ruwan, wataƙila ka ga kwarmi ɗaya ko uku da suka bi tsawonsa, ko tambarin jinjirin wata guda biyu masu fuskar mutum, ko rubutun Larabci da ya fara shafewa. Ka kuma duba ko ruwan ya sirance daga tsakiya zuwa ƙarshe, wanda ke nuna an daɗe ana wasa shi ana aiki da shi. Waɗannan su ne abubuwan da masana ke dubawa su gane shekarun takobi, kuma minti biyar a bakin inji ya isa ya share su. Ku a Katsina kun san matsayin Gajere, takobin sarauta da ake dangantawa da zamanin Muhammadu Korau, kuma a cikin zuriyarku takobin kakanka shi ke riƙe da irin wannan matsayi.

Tsaron jikoki ta hanyar ajiya za a same shi. Mafi kyau shi ne kafinta ya haɗa akwati mai fuskar gilashi da makulli, a kafe shi a bango da ƙusoshi masu ƙarfi, a kwantar da takobin a sama, kuben a ƙasansa. Idan hakan bai samu ba, a bar shi cikin kube, a ɗaure mariƙin da zoben hamila da igiyar fata ko siririyar waya yadda yaro ba zai iya zarewa ba, a rataye shi a inda ko an taka kujera hannu ba zai kai ba.

Game da ƙyalli kuwa, baƙin da tsohon ƙarfe yake yi ba datti ba ne, yana ma taimakawa wajen kare shi, don haka a bar shi. Jar tsatsa mai tashi kamar gari ita ce ke cin ƙarfe, ita za a jiƙa da man keken ɗinki a bari ya kwana, a goge da tsumma mai laushi, idan ta ƙi a bi ta a hankali da soson ƙarfe mafi laushi da aka jiƙa da mai. Kada a sa lemon tsami da toka, kada a sa ruwan batir, kada kuma a shafa man gyaɗa ko manja domin suna daskarewa su yi danƙo su tara ƙura. A riƙe ruwan takobin da tsumma, saboda gumin yatsa yana barin tabon tsatsa. Shi kansa kuben abin lura ne, domin majemanmu da bagaruwa suke jima, ita kuwa idan ta haɗu da danshi takan ci ƙarfe ta baƙanta shi. Saboda haka a lokacin damina, musamman Yuli da Agusta, a riƙa zare takobin wata-wata a goge a sake shafa mai, da hunturu kuma a kiyaye fatar daga rana da iska don kada ta tsattsage. Ma'aikatan gidan tarihi na ƙasa da ke nan Katsina, ko na Gidan Makama a Kano, za su iya duba shi su yi maka ƙarin bayani. Ina kuma ba da shawara ka rubuta duk abin da ka sani game da kakan naka da takobin a takarda, ka ajiye ta cikin akwatin.

TAMBAYA: Ina cikin mahayan da ke raka wani hakimi hawan Sallah, kuma bana ina so in yi jafi da takobi a zare. Idan na dakusar da shi shi ke nan? Daga wani mahayi, Kano.

AMSA: Malam, maimakon ka sayi mai kaifi ka dakusar, ka je wurin maƙeri ka ce ya ƙera maka na hawa wanda ba a taɓa wasa shi ba, bakinsa da kauri, ƙarshensa a zagaye. Wannan ba ya rage masa kwarjini, domin takubban Buzaye da yawa ma ƙarshensu a zagaye yake. Sannan ka duba abin da ya fi kaifi muhimmanci a kan doki, wato haɗin ruwan takobi da mariƙinsa. Takubban ado masu araha da yawa wani siririn ƙarfe ne kawai aka liƙa da walda ya shiga cikin mariƙi, kuma idan doki na sukuwa aka ja linzami ya turje, ruwan yana iya fizgewa ya yi cikin jama'a. Ka riƙe mariƙin ka girgiza da ƙarfi. Idan ka ji motsi ko ƙara, kada ka hau da shi. Ka kuma saba wa dokinka da ganin takobi a zare tun kafin ranar, ka koyi ɗaga shi sama nesa da kunne da wuyan dokin da mahayin da ke gefenka.

Wasa da makami ranar idi yana da asali, domin Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Habashawa sun yi wasa da masu a masallaci, Manzon Allah (SAW) bai hana su ba, har Nana A'isha ta kalla. Amma su ɗin dai sun ruwaito hanin nuna ɗan'uwa da makami, da umarnin cewa mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe kawunansu don kada ya ji wa wani ciwo, Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito hanin miƙa wa juna takobi a zare. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya ce sai idan makamin mai kaifi ne. Haka jami'an tsaro ma ba za su tsaya shafa bakin takobi ba, ganinsa a hannu ya isa, kuma kusan kowace Sallah 'yan sanda a Kano sukan yi gargaɗi kan yawo da makamai saboda 'yan daba. Takobinka ya zauna cikin kube daga gida har filin hawa, ka zare shi kawai idan tsarin fada da na hakiminka ya yarda da haka. Hawan Sallar Kano ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2024, idon duniya yana kansa.

Duk mai hulɗa da dawaki da ƙarfe ya tabbatar ya yi allurar rigakafin cutar sarƙe-haƙora, wadda likitoci ke kira tetanus. Ba tsatsa ce ke kawo ta ba, ƙwayar cuta ce da ke zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma ta fi son rauni mai zurfi da ƙura ta shiga, irin wanda dakusasshen ƙarfe ke yi a filin hawa.

TAMBAYA: 'Yata tana da shekara takwas, ina so ta fara taya ni yanke-yanken miya. Shin in dakusar mata da wuƙa ɗaya ta zama tata? Daga wata uwargida, Sakkwato.

AMSA: Hajiya, Allah ya raya ta. A ɗakin girki maganar ta juya, domin a nan ana so ne wuƙa ta yanka. Wuƙar da ta dakushe rabi da rabi ita ce ta fi yanke masu girki, saboda sai an danna ta da ƙarfi, ga shi tana zamewa daga fatar albasa ko tumatir ta sauka a kan yatsa da duk wannan ƙarfin. Ki fara mata da wuƙar cin abinci mai zagayayyen kai, wadda dama haka aka ƙera ta, ta riƙa yanka ayaba da dafaffen dankali da dafaffen ƙwai har hannunta ya nuna. Daga nan ki nema mata ƙaramar wuƙa daidai tafin hannunta, a zagaye mata tsinin da dutse, amma a bar kaifin.

Abin da ya fi irin wuƙar muhimmanci shi ne inda ake yankan. Yawancin iyayenmu mata a hannu suke yanka kuɓewa da albasa, su riƙe a hagu, su jawo wuƙar zuwa ga babban yatsan dama, hannu yana tafiya ido yana wani wuri, kuma shekaru ne suka koya musu daidai inda za su tsaya. Yarinya za ta so ta kwaikwayi hakan tun ranar farko, don haka ki sa mata katako a kan tabarma ko ƙaramin tebur, ki shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashinsa don kada ya zame, ki nuna mata yadda za ta lanƙwashe yatsun hagu ciki, ki fara raba mata albasar biyu ta kife shafaffen gefen a ƙasa. Ki zauna kusa da ita har ta gama. Sauran wuƙaƙen gida, har da ta yankan layya wadda Muslim ya ruwaito umarnin a wasa ta don a hutar da dabba, a bar su da kaifinsu a ajiye su sama cikin kube ko akwati, kada a bar su nutse cikin ruwan wanke-wanke inda hannu zai lalubo su.

Idan ta yanke, a danne wurin da tsumma mai tsabta na tsawon minti 10 ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba, hannun a ɗage sama, sannan a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu a ɗaure. Kada a zuba ƙasa ko toka ko fetur. Idan jinin ya ƙi tsayawa, ko bakin raunin ya buɗe, ko yatsan ya kasa lanƙwasuwa ko ya daina ji, a kai ta asibiti a ranar tare da katin rigakafinta.